Ragon da ban ci ba a Kent

Ƙanena yana aikin jinya a wani asibiti a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila, kuma Allah ya haɗa shi da maƙwabci na kirki: wani tsoho da ya ba saba'in baya, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kiwon tumaki. Da tsohon ya ji cewa baƙon da ya sauka a gidan ma'aikacin kiwo ne daga Nijar, wanda ya yi furfura yana bin garke da allura tsakanin Maraɗi, Dakoro da Mayahi, sai ya ce ranar Lahadi kada mu sa komai a gaba. Zai kai ni in ga tumakin ƙasarsu, abincin rana kuma a wuyansa.

Sai da mota ta hau titi sannan ƙanena ya juyo, da Hausa don kada tsohon ya gane, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wurin cin abincin nan fa ana sayar da giya." Na ce, "Kai, da furfurata za ka kai ni mashaya?" Ya ce, "Mashaya ce, amma ba irin wadda ke cikin ranka ba. Kuma na riga na gaya wa dattijon ba za a ɗora kofin giya a teburinmu ba, ya yarda." Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Mutumin da ya saka rigarsa ta fita saboda kai, ba a cikin motarsa za ka fara gardama ba.

Tumakin dai na gan su, kuma sun isa a gani. Romney Marsh fadama ce shimfiɗaɗɗiya a bakin teku, ƙasar da mutane suka ƙwato daga ruwa da ganuwa da magudanai tun ɗaruruwan shekaru. Tumakin wurin gajeru ne, masu faɗin baya, gashinsu dogo mai nauyi, kofatonsu kuma yana jure danshin da zai ruɓar da ƙafar tunkiyarmu cikin damina guda. Daga wannan fadama aka ɗauki iri zuwa Niyu Zilan a tsakiyar ƙarni na 19. Na buɗe bakin wata na duba haƙora, na matsa ƙugu da gindin wutsiya yadda dillalai ke yi a kasuwar Sabon Mashi, tsohon yana ta gyaɗa kai don ya ga hannun ya san aiki. Da na nuna masa hoton balami a waya, fari tas, dogo, kunnuwa a zube, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ya aske shi haka. Na ce haka Allah ya yi shi.

Gidan abincin yana bakin wani ƙauye, ginin jan bulo mai ƙaramar ƙofa da sai na sunkuya. Kana shiga za ka tarar da doguwar kanta ta katako, a kanta an jera wasu sanduna a tsaye masu kan tagulla, kowace da tambari a gabanta. Tsofaffi ƙalilan ne a wurin, kowa da kofinsa, ana magana ƙasa-ƙasa. Sauran gidan duk tebura ne da aka shimfiɗa wa cokula da wuƙaƙe, kusan kowane da ƴar takarda mai nuna an riga an kama shi. Ba kiɗa, ba hayaƙin taba, ba wanda ke tangaɗi. Abin da ya cika hanci shi ne ƙamshin gasasshen nama da man shanu. Wata tsohuwa ana yi mata bikin ƙarin shekara da jikoki a kewaye, jariri yana barci cikin kekensa. Na dubi ƙanena, ya yi kamar bai ga kallon ba.

Mu a waje muka zauna, a lambun bayan gida, kuma nan ne wurin ya fi kyau. Ciyawa ce kore an aske ta daidai, tebura na katako masu haɗe da benci, manyan laimomi, itatuwan tuffa a gefe, can baya kuma gona ta miƙe har inda ido ya tsaya. Yara suna guje-guje, iyayensu ba sa ko ɗaga kai don akwai shinge. An ajiye kwanonin ruwa saboda karnuka, karnukan kuma suna kwance ƙarƙashin tebura. Wannan kam na ɗage ƙafafuna da bakin rigata. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, kuma na lura Turawan suna ja da kujerunsu daga ƙarƙashin laima suna neman rana ta doke su. Ni kaɗai na ja tawa cikin inuwa, da rigar sanyi a jikina. Al'adar sha a lambu daga Bavariya ta Jamus ta yi suna: masu dafa giya a Munik suna haƙa rumbunan ƙasa don sanyi, suna dasa itatuwa a kai saboda inuwa, har a 1812 sarkinsu ya ba su izinin sayar wa mutane a nan ƙarƙashin itatuwan. A Ingila kuwa abin da ya ƙara wa lambu daraja shi ne dokar 2007 da ta hana shan taba cikin gine-ginen jama'a. Masu taba suka koma waje, masu gidaje suka gyara wajen, iyalai kuma suka samu ciki da za a iya shiga da yaro.

Tsohon ya nemi izini ya shiga ciki ya sha kofinsa a kanta tare da tsaransa, ya dawo da ruwan tuffa kofi uku, na gonakin Kent, mai duhu-duhu don ba a tace shi ba. Ya cika alkawari, har muka tashi giya ba ta hau teburinmu ba. Amma bakinsa bai bar zancenta ba, ƙanena yana yi mini tafinta inda Turancina ya gaza.

Shi ɗan wata ƙungiya ce mai suna CAMRA, wadda aka kafa a 1971 don kare giyar gargajiya ta ganga. A lokacin manyan kamfanoni sun koma tace giya, su dafa ta don kashe yis ɗin da ke ciki, su ɗura ta a tankin ƙarfe su tura ta da iskar gas, don ta daɗe ba ta lalace ba kuma kowane yaro ya iya zuba ta. Ta gangar kuwa da ranta ake kawo ta. Yis yana nan ciki yana ci gaba da aiki, shi ke ba ta ɗan kumfar da take da ita. Idan ganga ta iso sai a kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, a huda ta a sa ɗan turken katako don iska ta fita, a bar ta ta kwanta kwana ɗaya ko biyu. Sandunan nan da na gani a kanta famfon hannu ne, da ƙarfin dantse ake jawo ta daga ƙasa. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin kofi 72, kofin kuma mililita 568 ne, kuma da an fara zuba ta iska ta shiga, kwana uku ne kawai kafin ta yi tsami. Abin da ya kama kunnena a matsayina na ma'aikacin dabbobi shi ne abin da ake zubawa don ta washe: wani sinadari da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, shi ke jan yis ɗin zuwa ƙasan ganga. Ɗacinta kuma daga furen wani tsiro mai yaɗo ne da ake kira hop, wanda Kent ta yi suna da nomansa. Gidajen nan masu zagayayyen ɗaki da rufi mai tsini da muka yi ta wucewa a hanya, a cikinsu ake busar da shi a da. A garin Faversham ma akwai kamfanin dafa giya na Shepherd Neame da ke lissafa kafuwarsa daga 1698.

Na saurare shi har ƙarshe, sannan na ce wa ƙanena ya gaya masa abin da ya bayyana ai burkutu ne. Wanda ya yi aikin rigakafi a ƙauyukan da har yanzu ake dafa ta ya san yadda ake jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta tana tafasa da kanta cikin tulu, kuma in ba a shanye ta da wuri ba ta zama tsami. Tsohon ya yi murna ƙwarai da jin haka, har ya ce wai a gaishe masa da matan da ke dafawa. Ban ɗauki wannan saƙon ba.

Abin da ba ya so shi ne yadda teburan abinci suka cinye gidan. Ya ce yana saurayi nan wurin makiyaya da ƴan ƙwadagon gona ne, abincin da ake samu bai wuce burodi da cuku da albasa mai tsami ba. Mashayun ƙauye sun fara shan wuya tun da aka kawo na'urar gwada numfashin direbobi a 1967, sannan manyan kantuna suka riƙa sayar da giya da araha mutum ya sha a gidansa. A 1989 gwamnati ta tilasta wa manyan kamfanonin giya, masu mashaya fiye da 2,000, su saki wani kaso na gidajensu, sai gidaje suka yi yawa a kasuwa. A 1991 wasu mutum biyu, David Eyre da Mike Belben, suka karɓi wata tsohuwar mashaya mai suna The Eagle a Landan, suka kafa murhu a bayan kanta inda kowa ke ganin mai dafuwa, suka rubuta abincin ranar da alli a allo. Daga nan salon ya bazu, har ta kai a 2011 wata mashaya a garin Marlow, ta wani mai dafa abinci Tom Kerridge, ta samu tauraro biyu na Michelin, littafin da ke auna gidajen abinci, darajar da a da sai manyan gidajen abinci masu farin ƙyalle. Tsohon ya san duk wannan, ya kuma san ba don abincin ba da tuni an mai da gidan nan wurin kwana, kamar yadda aka yi wa wasu da yawa. Duk da haka yana ƙorafi, yana kuma zuwa kowace Lahadi.

Sai aka kawo takardar abinci, a nan ne raina ya fara ɓaci da gaske. Lahadi ranar gashi ce a Ingila: nama gasasshe, dankali gasasshe, ganyaye, romo mai kauri, da wani kumburarren abu na fulawa da ƙwai da madara. A saman takardar an rubuta ragon Romney Marsh, da sunan gonar da ya fito. Ragon da na gama matsa ƙugun ƴan'uwansa da safe! Na san malamai sun yi magana a kan yankan Ahlul Kitabi, amma na san mayanka ta zamani ciki da waje, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Na juya ga kifi. Ƙanena ya ce kada in taɓa soyayyen, domin da giya ake kwaɓa ƙullin da ake tsoma shi. Naman sa da ke cikin ɓawon fulawa shi ma a giya aka dafa shi. Romon gashin da jan ruwan inabi. Dankalin ma sai da muka tambaya, don wasu da kitsen agwagwa ko na sa suke gasa shi. Yarinyar da ke hidima ba ta nuna gajiya ba. Dokarsu ta wajabta wa mai sayar da abinci ya iya faɗin ko akwai ɗaya daga abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, saboda haka sun saba da a tambaye su me ke cikin tukunya. Ta shiga kicin ta dawo ta ce mai dafuwa zai gasa mini kifi da man shanu da lemun tsami a kaskon da ba a sa komai ba, da dafaffen sabon dankali.

Kifin ya yi daɗi, ba zan ci amanarsa ba. Faffaɗa ne, na teku, an kamo shi a gaɓar da ba ta da nisa da wurin, naman yana rabuwa da ƙaya da kansa. Sai dai ba yaji, ba ko ƙamshin tattasai, kuma da na tuna da kifin Madarunfa da aka soya aka barbaɗa masa yaji, sai na ga wannan kamar bai gama shiri ba. Tsohon ya ci ragonsa a gabana, jajaye-jajaye a tsakiya, da wata miyar na'ana'a mai tsami. Na tambaye shi yaya yake, ya lumshe ido. Farantina kaɗai ya tashi fam 26, kusan jika ashirin kenan, kafin a ɗora kashi 12.5 cikin ɗari na hidima. A Maraɗi wannan kuɗin cinyar rago zai saya maka gasasshiya, a ci da abokai a rage.

Da na ba da labarin a fadarmu ta unguwar Zariya, ba a bar ni na kai ga kifin ba. Malamin da ke ja mana salla ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Likita, ka san hadisin da ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya." Na ce, "Allah gafarta malam, na sani, shi ya sa ba a ɗora ta a namu ba." Ya ce, "Kuɗin kifin fa, aljihun wa ya shiga?" Wani Alhaji da ke zuwa Dubai da Cana sayayya ya ce in haka ne to jirgin da ke kai shi ma ana raba giya a ciki, otal ɗin da yake sauka ma haka. Malam ya ce jirgi lalura ne, cin kifi a lambu kuwa ba lalura ba ne. Maganarsa tana da nauyi, ban musa ba. Abin da na ce shi ne na amsa gayyatar maƙwabcin ƙanena, mutumin da ke karɓar masa saƙo idan yana aikin dare, ya kuma kai ƴaƴansa makaranta ranar da mota ta ƙi tashi. Ni kaɗai ba zan nemi wurin ba, kuma ba zan ce wa yaro matashi ya je ya gwada ba. An bar maganar a nan saboda shayi na biyu ya sauka.

Amma takardar abincin nan ba ta bar ni ba. Kowane abu da sunan garinsu: rago daga gona kaza, cuku daga ƙauye kaza, tuffa daga lambu kaza, giyar ma an rubuta nisan inda aka dafa ta. Wannan sunan ake biya, da ciyawar da aka zauna a kai. Mu kuwa muna da abin da za a kira da suna har a gaji. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a duniya har aka buɗe mata cibiyar kiwo a garin nan. Balamin Dakoro. Zogalen Jiratawa. Cukun makiyayan arewa. Albasar Galmi da kilishin Nijar ma an yi musu rajista a hukumance don kada wani ya ari sunansu. Amma je ka tukuba da dare ka ce, "Ragon nan daga ina?" Za a ce maka daga kasuwa. Ka karɓi balangunka a takardar siminti, a tsaye, kabu-kabu na watsa maka ƙura. Ga kuma lambunan mangwaro a bakin Gulbi, masu inuwar da ke da sanyi ko a watan Afrilu, in ka cire masu lambun da ƴan ban-ruwa ba mai zama cikinsu. Wurin da magidanci zai kai maiɗakinsa da yara ranar hutu, a shimfiɗa musu tabarma mai tsabta, a kawo gashi da fura da zoɓo mai sanyi, a bar su su yi awa uku ba mai korarsu, irinsa bai yi yawa a garin nan ba, garin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa.

Na kai wannan magana wurin mahaucin da nake sayen nama a hannunsa tun ina saurayi. Ya saurare ni yana feɗe haƙarƙari, bai ɗaga kai ba. Da na gama ya ce, "Likita, ni na san garin kowane rago da na yanka. Wannan na Sakabal ne, wancan da ke rataye turkar wata mata ce a Tibiri, wata huɗu tana ba shi harawa da dusa. Ba wanda ya taɓa tambayata, kowa cewa yake a ƙara masa gyara." Na ce to in an rubuta a allo, an sa kujeru a lambu, ba zai iya ƙara kuɗi ba? Ya ce zai iya, ranar da na kawo masa mutum goma da za su biya ba tare da sun ce a rage ba, kuma ni ne na farko da zai gwada. Ya auna mini kilo ɗaya na ragon Tibirin, ya faɗi kuɗi da ƙarin dala ɗari a kan yadda muka saba. Na ce ya rage.